Waƙar Baƙin Ciki A Ɗakin Karaoke: Japanawa Suna Da Hujjarsu

Duk wanda aka ambata wa sunan Japan a ƙasar nan, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne babur da mota da rediyo. Honda da Suzuki da Yamaha sun shiga kowane lungu, Toyota kuma ta cika tituna, har ya zamana mutane da yawa suna ɗaukar Japanawa tamkar su ma injuna ne, ba su san kome ba sai aiki, ba sa gajiya balle su yi kuka. Amma ma'aikacin gwamnati da aka taɓa turawa kwas can, ko ɗalibin da ya sami gurbin karatu a ɗaya daga cikin jami'o'insu, yakan dawo da wani labari dabam. Zai ba da labarin daren da aka tashi daga ofis, aka ci abinci tare, sa'an nan aka zarce wani ɗan ɗaki mai kujeru da akwatin talabijin, aka miƙa makirufo ga wani dattijo wanda tun safe fuskarsa ba ta nuna kome ba, sai ga shi ya runtse ido yana rera waƙar rabuwa, muryarsa tana rawa.

Wannan ɗaki shi ne ɗakin karaoke, kuma a kan irin waccan waƙa ta dattijon akwai sa-in-sa a tsakanin Japanawa kansu. Wasu suna ganin cewa taro na nishaɗi ne, wanda duk ya zaɓi waƙar baƙin ciki ya sanyaya wa jama'a gwiwa, ya mai da dandalin shaƙatawa gidan makoki. Wasu kuwa suna ganin yana da cikakken haƙƙi, tunda shi ma kuɗinsa ya biya. In aka auna maganar da idon basira, za a tarar masu zaɓen waƙar baƙin ciki sun fi gaskiya, domin ita ce ta raini karaoke tun yana jariri, kuma ita ce ke sauke wa mutanen ƙasar wani nauyi da ba su da wurin sauke shi. Sai dai gaskiyar tasu tana da sharuɗɗa, kuma tana da iyaka.

Asalin abin

Kalmar karaoke haɗin kalmomi biyu ce. "Kara" tana nufin fanko, watau abin da babu kome cikinsa, "oke" kuwa gutsure ne daga sunan ƙungiyar makaɗa irin ta Turawa. Ma'anarta ke nan kiɗa ba mawaƙi: an bar gurbin murya a buɗe domin duk wanda ya ga dama ya cike shi. Mutane fiye da ɗaya ne suka ƙera irin wannan inji, kowa a gefensa. Shigeichi Negishi ya yi nasa a Tokyo cikin 1967, ya kuwa rayu har ya cika shekara 100 kafin ya rasu cikin 2024. Amma wanda sunansa ya fi fita shi ne Daisuke Inoue, wani makaɗi da ke yi wa masu zuwa gidajen shaƙatawa na birnin Kobe kiɗa suna rerawa. Wani ɗan kasuwa da ya saba da kiɗansa ya nemi ya raka shi wata tafiya, shi kuwa ya naɗa masa kiɗan a kaset ya ba shi. Daga nan dabara ta zo masa, cikin 1971 ya fito da injin da ake jefa wa kwabon yen 100 ya saki kiɗa. Bai yi wa ƙirƙirar tasa rajista ba, saboda haka wasu ne suka kwashi dukiyar. Cikin 2004 aka ba shi lambar Ig Nobel, wadda a lokacin ake bayarwa cikin raha a Jami'ar Harvard ta Amurka, bisa hujjar cewa ya samar wa 'yan Adam sabuwar hanyar koyon haƙuri da juna.

Da farko injin yana mashaya ne, inda magidanta ke taruwa bayan aiki. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara gyara kwantenonin kaya a lardin Okayama ana mai da su ƙananan ɗakuna, kowace ƙungiya da nata. Wannan ne ya buɗe ƙofa ga matan aure da ɗalibai da tsofaffi, waɗanda ke zuwa da rana tsaka su sha shayi su yi waƙarsu. Daga 1992 kuma aka fara aiko da kiɗan ta wayar tarho, har ya kai ga yau inji ɗaya yana ɗauke da waƙoƙin da ba mai iya rere su duka ko da zai shekara yana yi.

Su wa suka fara riƙe makirufo

Kafin a yanke hukunci a kan waƙar baƙin ciki, ya kamata a san mutanen da karaoke ya tarar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antun Tokyo da Osaka sun buƙaci hannaye, ƙauyuka kuwa suna cike da yara. Daga 1954 zuwa 1975 an riƙa shirya jiragen ƙasa na musamman suna kwaso samari da 'yan mata masu kimanin shekara 15, waɗanda suka gama ƙaramar sakandare, daga lardunan arewa masu sanyi irin su Aomori da Iwate, ana sauke su a tashar Ueno ta Tokyo, inda masu masana'antu ke jira da alluna ɗauke da sunayen kamfanoninsu. Ana yi wa yaran laƙabi da "ƙwayayen zinariya" saboda tsananin bukatarsu da kuma arhar ladansu. Cikin 1964 Hachiro Izawa ya rera waƙa a kan wannan tasha mai suna "Aa Ueno Eki", ta zama abin tunawa ga wannan tsara, har aka kafa mata dutsen tarihi a bakin tashar cikin 2003.

Waɗannan yara su ne suka zama magidantan shekarun 1970. Sun bar iyaye suna ƙanana, sun kwana a ɗakunan kamfani, sun ƙera rediyo da babur ɗin da duniya ta yi ta yabo. Sa'ad da aka miƙa musu makirufo, abin da ke cikinsu suka fitar, watau kewar gida da begen waɗanda aka rabu da su. Salon waƙar da ya dace da wannan hali shi ake kira enka. Kiɗansa yakan tsaya a kan sautuka biyar maimakon bakwai na Turawa, mawaƙin kuma yana karya murya yana murɗa ta a wasu gaɓoɓi, abin da suke kira kobushi, har mai sauraro ya ji kamar kuka ne aka danne. Tashar jirgin ruwa, da dusar ƙanƙara, da jirgin dare, da wasiƙar da ba ta zo ba, su ne kayan aikin enka.

Misali mai kyau shi ne "Tsugaru Kaikyo Fuyugeshiki", wadda Sayuri Ishikawa ta fitar cikin 1977. Labarin wata mace ce da ta bar Tokyo bayan rabuwa, ta hau jirgin dare daga Ueno zuwa Aomori, sa'an nan ta shiga jirgin fito domin ƙetara mashigin Tsugaru zuwa tsibirin Hokkaido cikin hunturu. Wannan jirgin fito na hukumar jiragen ƙasa ya daina aiki cikin 1988, lokacin da aka buɗe ramin Seikan mai tsawon kusan kilomita 54 da ya ratsa ta ƙarƙashin teku. Jirgin ya tafi, waƙar ta zauna, har waɗanda aka haifa bayan an daina fiton suna rera ta. A shekarar 1977 ɗin dai Masao Sen ya fitar da "Kitaguni no Haru", ta mutumin birni mai tunanin ƙauyensu na arewa. Garin mawaƙin, Rikuzentakata, yana cikin waɗanda igiyar teku ta share ran 11 ga Maris, 2011, kuma tun daga ranar waƙar ta ƙara nauyi a kunnen masu sauraro.

Sarauniyar wannan fage kuwa ita ce Hibari Misora, wadda aka haifa a Yokohama cikin 1937, ta yi suna tun tana yarinya a lokacin da ƙasar ke cikin kufai. Cikin 1966 ta fitar da "Kanashii Sake", wadda Masao Koga ya tsara wa kiɗa, kuma an san ta da zubar da hawaye in tana rera ta a gaban jama'a ba tare da muryarta ta kauce ba. Ta rasu ran 24 ga Yuni, 1989, tana da shekara 52, watanni kaɗan bayan fitar waƙarta ta ƙarshe, "Kawa no Nagare no Yo ni", wadda ta kwatanta rayuwa da tafiyar kogi. Ita ce mace ta farko da gwamnatin Japan ta ba lambar girmamawa ta al'umma, kuma a ƙuri'ar da gidan rediyo da talabijin na NHK ya shirya cikin 1997, wannan waƙa tata ce ta zo ta ɗaya. To, al'ummar da ta ɗora irin wannan waƙa a kan gaba, da wane baki za ta ce ba ta dace da ɗakin karaoke ba?

Ruwa ba ya tsami banza

Son abin tausayi a adabin Japan ya girmi karaoke da shekaru ɗaruruwa. Bayan yaƙin da ya ƙare cikin 1185 da halakar gidan Taira a teku, makafin mawaƙa masu kaɗa wani irin molo da ake kira biwa sun riƙa yawo gari gari suna rera labarin faɗuwar wannan gida, jama'a suna taruwa suna kuka. A ƙarni na 18 wani malami mai suna Motoori Norinaga, wanda ya rayu daga 1730 zuwa 1801, ya yi nazarin tsohon littafin nan na Genji, ya ce ruhin adabin ƙasarsu shi ne "mono no aware", watau sosuwar zuciya da mutum ke ji in ya lura cewa duk abin da ke gabansa mai wucewa ne. Shi ya sa suke fita ƙwansu da kwarkwatarsu kallon furen sakura, wanda ba ya wuce mako ɗaya ko biyu sai ya zube. A wurinsu, wanda zuciyarsa ba ta motsawa da irin wannan, tarbiyyarsa ce ba ta cika ba.

Kada kuma a ce wannan ɗabi'ar tsofaffi ce da ke shirin bin su kabari. Enka dai kasuwarta ta ja baya a wurin matasa, amma baƙin cikin ya sauya riga ne kawai. "Nada Soso", wadda Ryoko Moriyama ta rubuta domin tunawa da wanta da ya rasu, ta game ƙasar bayan Rimi Natsukawa ta rera ta cikin 2001. "Hanamizuki" ta Yo Hitoto, wadda ta fito cikin 2004, an rubuta ta ne bayan harin 11 ga Satumba, 2001, a Amurka, kuma kamfanin injunan DAM ya bayyana ta a matsayin waƙar da aka fi rerawa a injunansa a zamanin sarautar Heisei, wanda ya ƙare cikin 2019. "Lemon" ta Kenshi Yonezu, wadda ya rubuta wa wani wasan talabijin a kan likitocin binciken gawa, kakansa kuma ya rasu yana cikin rubuta ta, ita ce ta ɗaya a jerin Billboard na Japan cikin 2018, ta kuma maimaita cikin 2019. Bayanta "Dry Flower" ta Yuuri, waƙar rabuwar masoya, ta mamaye ɗakunan karaoke cikin 2021 da 2022. Ashe masu cewa waƙar baƙin ciki tana kashe taro, alƙaluman injunan kansu ba su goyi bayansu ba.

Aron baki

Abin tambaya shi ne, me ya sa mutum zai biya kuɗi domin ya tayar wa kansa da mikin da ya kwanta? Amsa ta farko tana cikin zaman Japanawa. Suna bambanta "tatemae", fuskar da mutum ke nuna wa jama'a, da "honne", abin da ke ƙasan zuciyarsa. Suna kuma girmama "gaman", watau jurewa ba tare da ƙorafi ba. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda shi ma ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ma'aikacin da matarsa ta rasu, ko aka tsallake shi wajen ƙarin girma, ko aka tura shi aiki wani gari shi kaɗai ya bar iyali, ba zai zauna ya zayyana wa abokan aikinsa damuwarsa ba, don a ganinsa ɗora musu kaya ne. Amma in ya ɗauki makirufo ya rera waƙar wani, ya faɗi abin da ke ransa ke nan ba tare da ya faɗa ba. Kalmomin na marubuci ne, kiɗan na inji ne, saboda haka gobe da safe ba wanda zai tare shi da maganar, mutuncinsa yana nan yadda yake. Abokan zama kuwa sun ji, sun kuma gane, domin kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Amsa ta biyu masana ne suka kawo ta. Cikin 2013 Ai Kawakami da abokan aikinta na Jami'ar Fasahar Zane da Kiɗa ta Tokyo da cibiyar bincike ta RIKEN sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 44, wasu makaɗa wasu kuwa ba su san kiɗa ba. Sun sa su saurari kiɗa mai ban tausayi, suka tambaye su abu biyu: wane hali suke ganin kiɗan ke bayyanawa, kuma wane hali su kansu suka shiga. Sai aka tarar mutanen sun yarda kiɗan na baƙin ciki ne, amma abin da suka ji a ransu bai kai haka ɗaci ba, har da wani daɗi a ciki. Dalilin da masanan suka kawo shi ne, baƙin cikin da ke cikin kiɗa ba ya tafe da hatsarin da ke tare da na zahiri. Mutum yana kusantar wutar ya ji ɗuminta, ba ta ƙone shi ba. Ba abin mamaki ba ne da a wannan shekara ta 2013 aka fara wasu tarurruka a Tokyo da ake kira "ruikatsu", inda mutane ke haɗuwa su kalli abin tausayi da niyyar su yi kuka su sami sauƙi.

Hujjar masu suka

Duk da haka, masu suka ba su rasa abin faɗa ba, kuma adalci ne a saurare su. Hujjarsu ta farko ita ce ta ladabin taro. Japanawa suna da abin da suke kira karanta iska, watau fahimtar halin da jama'a ke ciki ba tare da an faɗa ba. In ana tsakiyar tafi da shewa a bikin ƙarshen shekara na ofis, wani ya jefa waƙar makoki mai minti shida, lalle ya yi wa jama'a karan tsaye. Wannan gaskiya ne, amma laifin na lokaci ne, waƙar ba ta yi kome ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Masu hankali sukan bar farkon zama ga waƙoƙin motsa jiki, sai dare ya raba, murya ta dushe, hira ta yi sanyi, sa'an nan su kawo tasu. Kuma ɗaya ta isa. Wanda ya jera uku a jere ya daina raba damuwarsa da jama'a, ya koma yi musu mulki da ita.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Da yawa daga waƙoƙin enka suna ƙawata shan barasa a matsayin maganin baƙin ciki, alhali kuwa kowane likita ya san barasa ba ta kashe damuwa, sai dai ta ƙara mata wata. Har ila yau, macen da ke cikin waɗannan waƙoƙi kusan kullum mai jira ce, mai haƙuri da wulaƙanci, mai ɗora wa kanta laifi, kuma sau da yawa maza ne suka rubuta mata kalmomin. Marubucin waƙar Tsugaru ma, Yu Aku, namiji ne, ko da yake tasa macen ta fi saura ƙarfin hali tunda ita ce ta tattara kayanta ta tafi. Wannan suka tana kan hanya, kuma ba a kare ta da cewa al'ada ce. Sai dai maganinta yana cikin zaɓe. Tun cikin 1977 Miyuki Nakajima ta kai matsayi na ɗaya da "Wakare Uta", waƙar rabuwa da ta rubuta da hannunta ta kuma rera da bakinta, kuma mata da yawa sun biyo sawunta. Rumbun yana da faɗi, ba dole ne mai neman waƙar tausayi ya ɗauko wadda ke tallar kwalba ba.

Hujja ta uku ta shafi tilas. An daɗe ana kuka da shugabannin ofis da ke jan na ƙasa da su zuwa karaoke, su tilasta wa wanda ba ya so ya yi waƙa, ko su sa ma'aikaciya ta tsaya ta rera waƙar soyayya tare da su. Wannan zalunci ne ko da wace irin waƙa aka yi shi. Dokar hana cin zarafin ma'aikata ta fara aiki a kan manyan kamfanoni cikin Yuni 2020, ta kuma haɗa da ƙanana cikin Afrilu 2022. Hawayen shugaba ba ya wanke shi in waɗanda ke tafa masa tsoro ne ya zaunar da su.

Akwai kuma wata illa da injin kansa ya kawo. Injunan zamani suna auna murya su ba da maki bisa ɗari, suna lissafa inda aka kauce da inda aka karya murya daidai. Wasa ne mai daɗi ga matasa, amma yana juya hankalin mai waƙa daga ma'ana zuwa allo. Tsohuwar da ke rera "Nada Soso" tana tuna ɗan'uwanta, muryarta ta sarƙe a tsakiya, inji zai rage mata maki a daidai wurin da waƙar ta fi yin aikinta. Wanda ya zaɓi waƙar baƙin ciki don tana cikinsa, gara ya kashe ma'aunin.

Ga baƙo

Ma'aikaci ko ɗalibin da ya sami kansa a irin wannan ɗaki, zai yi kyau ya san abu kaɗan. Na farko, ya san ma'anar abin da zai rera. Waƙar Japan da ta fi kowace fita duniya ita ce "Ue o Muite Aruko" ta Kyu Sakamoto, wadda ta fito cikin 1961 ta kuma hau matsayi na ɗaya a Amurka cikin Yuni 1963. Turawa sun sauya mata suna zuwa "Sukiyaki", sunan wani abincin nama, don kawai ya fi musu sauƙin faɗa. Kiɗanta yana da fara'a har da fito, saboda haka baƙi da yawa suna rera ta suna dariya, alhali labarin mutum ne mai kaɗaici yana kokawa da hawaye cikin dare. Mawaƙin kuma yana cikin mutum 520 da suka rasu a hatsarin jirgin saman Japan ran 12 ga Agusta, 1985, abin da har yau Japanawa ba su manta ba.

Na biyu, ya dubi taron. A bikin aure Japanawa suna guje wa kalmomin rabuwa da yankewa da komawa, saboda haka waƙar rabuwa, kome daɗinta, ba ta da gurbi a shagalin da ke biyo bayan ɗaurin aure. A walimar ban kwana da abokin aiki kuwa, ko ta gama makaranta a watan Maris, ita ake jira. Na uku, ya auna muryarsa. Waƙar tausayi a hankali take tafiya, ba ta ɓoye kuskure kamar mai sauri, amma injin yana da maɓallin ɗaga sauti ko sauke shi, kuma ba abin kunya ba ne a taɓa shi. Na huɗu, ya lura da waƙar da wani ya riƙa a matsayin tasa. Suna kiranta "ohako", kusan kowane mai zuwa karaoke yana da ita, kuma riga dattijo ɗaukar tasa rashin ta-ido ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Inda waƙa ta tsaya

Saura magana ɗaya, ita ce kuma mafi girma. Waƙar baƙin ciki tana aiki ne in akwai kunnen da ke saurare. Amma ƙidayar 2020 ta nuna cewa kashi 38 cikin ɗari na gidajen Japan mutum ɗaya ne a ciki. Cikin 2011 aka buɗe shagon karaoke a unguwar Kanda ta Tokyo wanda ɗakunansa na mutum ɗaya ne tak, kuma zuwa karaoke a kaɗaice ya zama ruwan dare har yana da sunansa, "hitokara". Wasu suna zuwa ne don gwaji ko don hutawa da idon jama'a, wannan ba laifi. Wasu kuwa ba su da wanda za su gayyata. Lokacin annobar korona, cikin Yuni 2020, cutar ta ɓulla a tsakanin tsofaffi masu zuwa karaoke na rana a garin Otaru da ke Hokkaido, sai ƙasa ta farga cewa ga tsofaffi da yawa waɗannan shaguna su ne kaɗai wurin da suke ganin fuskar mutum.

Daga 1998 zuwa 2011, a kowace shekara fiye da mutum 30,000 suke kashe kansu a Japan, cikin 2003 adadin ya kai 34,427, kuma duk wannan ya faru ne a lokacin da ɗakunan karaoke suke cike. Saukar da adadin ya yi zuwa wajen 20,000 cikin 2019 ta biyo bayan dokar da aka kafa cikin 2006 ne da aikin da hukumomi da ƙungiyoyi suka yi a kanta. Cikin Fabrairu 2021 gwamnati ta naɗa Tetsushi Sakamoto ministan da zai kula da matsalar kaɗaici, cikin 2023 majalisa ta zartar da doka a kan haka, ta fara aiki cikin Afrilu 2024. Wannan ya nuna cewa mahukunta sun yarda nauyin yana wuyansu, ba za a bar wa inji mai cin kwabo ba.

Saboda haka dattijon da ya runtse ido ya rera waƙar rabuwa a gaban abokan aikinsa bai ɓata wa kowa dare ba. Ya yi amfani da ƙofa ɗaya da al'adarsa ta bar masa a buɗe, kuma ya fi wanda ke rerawa shi kaɗai a ɗakin Kanda sa'a, tunda shi yana da masu ji. Abin da ya rage yana kan masu jin. In waƙa ta ƙare a yi tafi kamar yadda aka saba, amma wanda ya lura cewa abokinsa ya shekara yana maimaita waƙar makoki guda, kuma kullum muryarsa a wuri ɗaya take sarƙewa, ya kamata washegari ya nemi wata hujja ya zauna kusa da shi lokacin cin abincin rana, ya tambaye shi lafiyar gida.